Ku Tambayi Mai Zanzana

Direban motar kasuwar Tamaske ne ya kawo mana labarin da hantsi, damina ta biyu bayan faɗuwar darajar kuɗin sefa. Bai ko kashe mota ba. Ya leƙo ta taga a ƙofar gidanmu da ke bayan asibitin mishan, ya ce wa babanmu, "Tsoho, sai hanƙuri. Mai zanzana ta riga mu gidan gaskiya, jiya anka kai ta." Ya yi salati, ya ja motarsa ya bar mu tsaye.

Gwaggo ke nan, yayar babanmu uwa ɗaya uba ɗaya. Tana da suna kamar kowa, amma daga Ibohamane har Madawa ban taɓa jin wanda ya kira ta da shi ba.

Inna ta saki taɓarya ta zauna a ƙasa dirshan. Matar fasto ta shigo tana share ido da bakin zane, tana cewa, "Yanzu wa za ya ƙara hwaɗa mini miyata ba ta da gishiri?" Mai shayin bakin asibiti, Musulmi ne, ya rufe tebur ya zo ya tsuguna a zaure, ya ce duk zuwanta sai ta ɗanɗana shayinsa ta kushe, sannan ta shanye. Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ta ce ba ta taɓa ganin mai jinya irinta ba, ta iya juya majinyaci ba tare da ya farka ba. Kowa da abin da ya tuna, kuma galibi faɗa ne ta yi masa.

Babanmu bai yi kuka ba. Ya cire hula, ya sa yatsa yana shafa karan hancinsa, ya daɗe a haka. Can ya ce, "To, ƙohwata ta ruhe."

Na san abin da yake nufi. Babanmu ya zama Kirista tun yana saurayi, fiye da shekara talatin ke nan. Tun ranar, wansa, wanda muke kira Baba Babba, bai ƙara yi masa magana ba, kuma shi ne mai gida a ƙauyenmu na asali da ke wajen Ibohamane. In mun je ƙauye, ɗakin Gwaggo muke sauka ta ƙofar baya, mu fita ta nan. A wurin makoki kuwa babu ƙofar baya. Wuri biyu ne kawai: tabarmar waɗanda aka yi wa rashi, su ake zuwa a ce wa ina haƙuri, da kuma bakin tabarma inda baƙo ke tsugunawa ya yi gaisuwa ya tashi. Babanmu bai san wanne ne nasa ba a mutuwar matar da ta raine shi. Ya ce mini zai tsuguna kamar baƙo ya yi gaisuwa, mu juyo a motar yamma. Ni kuwa raina ya ɓaci tun kafin mu tashi.

Washegari muka kama hanya ni da shi. Mun wuce Buza, sai muka tarar ƙorama ta kawo ruwa, motoci sun yi layi. Muka sauka muka zauna a kan dutse muna jiran ruwa ya janye. A zaman nan na fara tattara abin da nake rubutawa yanzu, don na lura 'ya'yana suna jin ana cewa mai zanzana, amma ba su san mece ce zanzana ba.

Zanzana ita ce 'yan ramukan da ciwon agana ke bari a jikin wanda ya tashi. Ba tabon rauni ba ce, ba askar wanzami ba ce, ba kuma shaidar lamba ta rigakafi da ke damtsenmu ba. Gwaggo ba ta yarda a haɗa su. Wata rana wata sabuwar ma'aikaciyar asibiti, don ladabi, ta ce mata, "Inna, wannan tabon tun yaushe?" Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Tabo na wanda yaf faɗi bisa dutse na, ɗiyata. Wagga zanzana ta. Ki hwaɗi sunanta, ba ta cizo." Mutanen zamanin da, ko sunan agana ba sa kamawa, sai su ce ado, don tsoro. Ita ba ta da wannan tsoron, ta ce sun riga sun gaisa.

Fuskarta kaf zanzana ce, goshi, kumatu, haɓa, har fatar ido. In yara sun tashi daga karambau aka ce ya bar musu zanzana, sai ta jawo yaro ta duba a rana, ta ture shi ta ce, "Tahi, wagga ko sauro ya hi ta aiki." Mu da aka haifa bayan an yi lamba ta kira mu masu santsi. In na yi ragwanci sai ta nuna dutsen niƙanta ta ce, "Dutsen da ba a koɗa ba ba shi niƙa." Da hannunta take koɗa shi, ta yi ta ƙwanƙwasa har ya yi ramuka, ta ce yanzu ya yi kama da mai shi.

Ina da abin kunya guda game da fuskar nan, gara in faɗa. Ina ajin farko a lakkwal, wato makarantar boko, ta kawo mini ƙosai lokacin hutu, yara suka bi ta suna cewa rariya. Da na koma gida na ce kada ta ƙara zuwa. Washegari ta dawo da ƙosai ninki biyu, ta zauna a gindin itacen bedi, ta ce duk mai son ƙosai sai ya fara taɓa rariya. Suka yi layi. Ni ne na ƙarshe, kuma ni kaɗai ta hana, sai da na yi kuka.

Agana ta kama ta tana 'yar shekara goma sha biyu, ta tashi. Bayan wasu shekaru ciwon ya sake zagayowa, ya kama babanmu yana ɗan shekara shida. A al'adar garinmu, wanda agana ta kama bukka ake yi masa a bayan gari, kuma ba mai zuwa kusa sai mai zanzana, don ciwon ba ya kama mutum sau biyu. Ko uwar da ta haife shi ba ta zuwa. Lokacin Gwaggo amarya ce, wata huɗu a ɗakinta a wani ƙauye. Mijinta ya ce ba inda za ta. Ta ɗaure ƙwarya da zane ɗaya ta fito da rana tsaka, ya tsaya yana kallo. Daga baya shi ya zo biko da ƙafarsa, kuma har ya mutu ba ta bar tuna masa ba. Bayan rasuwarsa ta dawo gidanmu na ƙauye da zama.

Kwana arba'in suka yi a bukkar. Ta shimfiɗa masa rairayi mai laushi don tabarma na ɗaye fata. Ta ɗaure masa hannu da tsumma kada ya sosa. Safe da yamma tana buɗe masa ido da yatsa ta ɗiga nono, don ta ga waɗanda ciwon ya makantar. Abinci kuwa, akwai wani dutse a gindin gawo, nesa da bukka, nan ake ajiyewa a yi kira a koma. Mai kawo abincin Baba Babba ne, yana ɗan shekara goma sha biyu. Gwaggo ta ce ba ya komawa in ya ajiye. Sai ya tsaya bayan dutsen yana kira, "Auta na da rai?" Sai ta ɗaga masa hannu sannan ya tafi.

Ranar da ɓawo ya gama zuba aka yi wa yaro wanka, aka ƙone bukka da tsummokaran. Manya suka yi cirko-cirko, kowa na jiran wani ya fara taɓa shi. Baba Babba ne ya ruga ya kama shi, ya sa yatsa yana ƙirga ramukan fuskarsa ɗaya bayan ɗaya. Ba su da yawa, don Gwaggo ta tsare hannun. Akwai guda mai zurfi a karan hanci, shi ya sa mata suna rijiya. Gwaggo ta ba ni labarin nan ya fi a ƙirga, kullum a nan take tsayawa ta yi tsaki ta ce, "Ka ga mutanen da ba su magana yau."

Babanmu ya je cin rani yana saurayi, ya dawo da gyambo a ƙafa, ya kwanta a asibitin mishan wata da watanni. Ya warke, ya samu aikin gadi a bakin ƙofa, ya karɓi addininsu. Da labari ya kai gida aka yi taron dangi. Baba Babba, wanda ya gaji gida lokacin, ya ce a hana shi gonarsa ta gado, a ware masa ƙwarya, kada wanda ya ƙara sa hannu a akushi ɗaya da shi. Mata ba sa magana a irin wannan taro. Gwaggo ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Kwana arba'in niy yi da yaron ga sa'ad da taɓa shi mutuwa na, ku kuna bayan dutse. Yau ku ka hana ni cin tuwo da shi?" Ta shiga ta ɗauko akushi ta ajiye gabansa, ta sa hannu. Shekara biyu ita ma ba a yi mata magana ba.

Kada wani ya ɗauka ta yarda da abin da ya yi. Ba ta yarda ba ko na rana ɗaya. Duk zuwanta sai ta ce masa, "Auta, ina roƙon Allah shi maido ka hanya." Shi kuma ya ce, "Yaya, ni ma ina yi miki addu'a." Ta ce, "Riƙe taka." Inna ta ware mata buta da tabarmar salla, ba mai taɓawa. Ran Lahadi in mun yi shirin majami'a sai ta ce, "Ku tahi waƙe-waƙenku, ni in tsare muku tukunya." Mu dawo mu tarar ta sake miyar gaba ɗaya.

Abin da ta yi mana da ya fi komai, da sunan nan ta yi shi. Duk wanda ciwo ya kama a ƙauye za shi asibiti, sai ta ce masa, "In ka kai bakin gidan likita, kak ka tambayi kowa. Ka tambayi mai zanzana irin tawa." Ba ta cewa ƙanena, don kada mutum ya ji nauyin mai gida. Haka suka riƙa zuwa, daga garinmu, daga Karofane, daga ƙauyukan da ban san sunansu ba. Babanmu ya karɓa musu karti, ya raka su wurin likita, ya kawo su zaurenmu. Na girma ina tsallake mutane a zaure in zan fita. Waɗanda ba sa cin tuwo da shi a gida sun ci nasa har da neman ƙari, kuma ban ji wanda ya shaƙe ba. Ina yaro abin yana ba ni haushi. Yanzu na gane da ba don haka ba, da tuni an manta muna da dangi.

Mutum ɗaya ne bai zo ba. Yanar ido ta yi ta rufe wa Baba Babba gani a hankali, kowa ya san aikin kwana kaɗan ne a asibitin, amma ya ce gara ya makance da ya kwana a zauren nan, ya kuwa makance. Gwaggo ta ce duk sanda ta koma daga wurinmu sai ya kira ta ya ce, "Ƙaƙa hanya?" Ta ce lahiya lau. Ya zauna yana jiran labarin babanmu, ita kuwa ta ƙi bayarwa. "Sai ya kama sunanshi in ba shi labari," in ji ta. Shekara talatin suna wannan, ba wanda ya sassauto. Taurin kai a gidanmu gado ne, ni ma ban tsira ba.

Sau ɗaya na raka ta wani biro, wato ofishin hukuma, yin kartin shaida. Akwai layin da ake rubuta alamar da mutum ke da ita a jiki. Magatakardan, yaro ne mai kunya, ya dube ta ya sunkuyar da kai ya rubuta kalma ɗaya da Faransanci. Ta zungure ni.

"Mi yar rubuta?"

"Ya ce babu komi, Gwaggo."

"Babu komi? Wagga huska?" Ta dafa tebur ta kai fuskarta dab da tasa. "Malam, duba da kyau. Mutum goma sha ɗaya munka kwanta shekaran nan, ukku munka tashi. Ka rubuta."

Ya yaga takardar ya sake wata. Kartin nan tana cikin ƙullin zanenta har ta rasu, ko da yake ba ta iya karanta ko harafi ɗaya a ciki ba.

Zuwanta na ƙarshe da bazara ne, ƙafa ta kumbura, numfashi yana yi mata wuya. Likita ya ce ta zauna kusa. Ta yi mako biyu, da ta ga hadari ya fara haɗuwa ta ce 'yar gonarta ba za ta shuka kanta ba. A tasha babanmu ya riƙe ƙofar mota ya ce, "Yaya, in kin tahi, ta ina za ni shiga gida?" Ta ce, "Ta inda anka hiddo ka. Saki ƙohwa, mutane na jira."

Sai bayan azahar ruwan ƙorama ya janye muka haye. Mun isa ƙauye da la'asar sakaliya. Tun daga bakin rijiya mata suka gane mu. Wata tsohuwa ta ajiye tulu ta kama hannun babanmu tana kuka, ta ce, "Ita taw wanke mini ɗiya biyu sa'ad da kowa yag gudu. Yanzu ba sauran mai zanzana garin ga." Ta ɗaga kai ta dube shi, ta ce, "Sai kai."

Maza suna rumfa a ƙofar gida. Baba Babba na tsakiyar tabarma da sandarsa a gefe, 'ya'yansa a dama da hagu, liman a kusa. Da aka hango mu magana ta ɗauke. Muka cire takalma. Babanmu ya tsuguna a bakin tabarma, wurin baƙi, na tsuguna bayansa. Ya ce, "Mai gida, ina hanƙuri? Allah shi jiƙan ta."

Baba Babba ya karkata kai ya ce, "Wa na?"

'Ya'yansa suka dubi juna. Liman ya dubi tasbaharsa. Na tabbata ya gane muryar, makaho ba ya ɓatan murya, amma ba a samu mai faɗin sunan ba, shi ma bai faɗa ba. Babanmu ya dafa ƙasa zai tashi.

"Matso," in ji Baba Babba.

Babanmu ya ja gwiwa ya matsa. Tsohon ya miƙo hannu yana lalube, ya samu kafaɗa, ya hau wuya, ya kai fuska. Ya bi goshi da yatsa, ya sauko kumatu a hankali, leɓensa yana motsi. Ƙirga yake yi. Da ya kai karan hanci yatsan ya tsaya. Ya daɗe a wurin.

"Rijiya na nan," ya ce, ba da ƙarfi ba. Sai ya ƙara, "Auta na da rai."

Bai ce a yafe ba, bai ce ya yafe ba. Ya janye sandarsa daga inda take, ya muskuta gefe, ya bubbuga tabarma da tafin hannu. Babanmu ya hau ya zauna. Ɗan Baba Babba na fari ya matsa mini ni ma.

Ba a jima ba wani mutumin Karofane ya iso a kan jaki. Na gane shi, ya taɓa yin wata guda a zaurenmu da matarsa. Ya tsuguna ya yi wa mai gida gaisuwa, ya shafa, zai tashi. Baba Babba ya ce, "Ba ka ƙare ba. Ga ƙanenta nan."

Mutumin ya juyo ya ce wa babanmu, "Ina hanƙuri?"

Kukan da babanmu bai yi ba tun jiya ya zo masa a gaban maza, ya rufe fuska da hula. Baba Babba ne ya amsa a madadinsa, ya ce, "Hanƙuri sai godiya."

Motar yamma ta tafi ba mu. Kwana bakwai muka yi, kuma a daren farko akushi ɗaya aka kawo wa tsofaffin biyu. Gonar da aka hana babanmu ba ta dawo ba, idon Baba Babba ma bai dawo ba, kuma har yau kowa na kan addininsa.

Gwaggo, na gode da ƙosan da kika hana ni, na gode da mutanen da kika cika mana zaure da su. Kin bar amarcinki kin shiga bukka don yaro ɗan shekara shida, ga shi yau da jikoki tara, dukansu masu santsi. Ƙaramar cikinsu ta hau cinyarsa jiya ta sa yatsa a hancinsa ta ce mene ne wannan, ya ce ta tambaye ni. Na ce mata zanzana ce, ta faɗa har sau uku don ta riƙe. Allah ya jiƙan ki, ya sa kin huta, ya karɓe ki da fuskar nan yadda take.